Kason Madiga da Mala: Me Ya Sa Nake Goyon Bayan Rabon da Telangana Ta Yi

A ranar 14 ga Afrilun 2025 gwamnatin jihar Telangana da ke kudancin Indiya ta fara aiki da dokar da ta kasa al'ummomin Dalit guda 59, wato waɗanda tsarin gado na Indiya ya ajiye a can ƙasa, irin su Madiga da Mala, gida uku, ta raba musu kashi 15 cikin ɗari na guraben karatu da na aikin gwamnati waɗanda a da suke nema a dunƙule. A ganina matakin ya dace, kuma ya makara ƙwarai, amma hujjata ba za ta fito ba sai na fara bayyana yadda tsarin yake.

Masu magana da harshen Telugu, waɗanda ƙidayar 2011 ta nuna sun haura miliyan 80, galibinsu suna zaune a Andhra Pradesh da Telangana, jihohi biyu da suke haɗe har zuwa 2014. Duk wanda aka haifa a can an haife shi ne cikin wata al'umma ta gado da suke kira kulam, wadda har gobe ita ke da babbar murya kan wanda mutum zai aura, a da kuwa har sana'arsa ita ke yanke masa. Hukuma ta tattara ɗaruruwan al'ummomin ta zuba su a manyan rukunai huɗu. Rukunin SC na Dalit ne, waɗanda aka daɗe ana ƙyamar ko taɓa jikinsu, ST na ƙabilun daji da tsaunuka irin su Gond da Koya, BC na waɗanda aka bari a baya, yawancinsu masaƙa da makiyaya da masunta da wanzamai da masu wanki, sai OC wanda ya ƙunshi masu ƙasa da fatake da malaman addini, wato Reddy da Kamma da Velama da Komati da Brahmin. Kafin a raba jihar, SC na da kashi 15, ST na da 6, BC na da 29, jimilla 50, wanda shi ne iyakar da Kotun Ƙolin Indiya ta shata a 1992. Takardar shaidar al'umma da hukuma ke bayarwa ita ce mabuɗin samun gurbi a kwalejin likitanci ko a aikin ɗan sanda.

Abin lura na farko shi ne tun 1970 aka kasa rukunin BC gida huɗu, aka ba kowanne kasonsa, sannan a 2007 aka ƙara gida na biyar mai kashi 4 domin wasu al'ummomin Musulmi. Ba a taɓa jin an ce wannan rabon ya rushe haɗin kan BC ba, domin kowa ya amince cewa mai yawon bara daga gari zuwa gari ba zai iya gogayya da ɗan manomin da ke da rijiya da shanu ba. To me ya sa da aka zo kan Dalit sai maganar ta zama abin tashin hankali?

Manyan al'ummomin Dalit a ƙasar Telugu biyu ne, Mala da Madiga. Madiga majema ne da dukawa da makaɗa, su ke ɗauke mushe su sarrafa fata, saboda haka aka ajiye su a can ƙasa, har Mala ma a al'adance suna ganin sun fi su. Mala kuwa, musamman na yankin gaɓar teku, sun riga su shiga makarantun mishan, kuma wanda ya riga shiga makaranta shi ke riga cin jarrabawa, 'ya'yansa su tashi a gidan da ake karanta jarida. Damodaram Sanjivayya, wanda ya zama babban ministan Andhra Pradesh, wato shugaban gwamnatin jihar, a 1960, Dalit na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a Indiya, Mala ne. Wannan ba laifin Mala ba ne, sun yi amfani da ƙofar da aka buɗe musu, amma sakamakonsa shi ne kason da aka ware da sunan kowa ya fi gangarawa gida ɗaya. Ɗan Najeriya da ya ga yadda kason jiharsa a tsarin raba daidai na tarayya kan tsaya a hannun 'ya'yan manyan birni ba ya buƙatar dogon bayani a nan.

A 1994 Manda Krishna Madiga ya kafa ƙungiyar neman a raba kason, mabiyansa suka riƙa liƙa sunan Madiga a ƙarshen sunayensu, sunan da a da ake zagi da shi. Kwamitin Mai shari'a Ramachandra Raju ya tabbatar da rashin daidaiton, gwamnatin Andhra Pradesh ta Chandrababu Naidu ta yi doka a 2000 ta ba Madiga da makamantansu kashi 7, Mala 6, sai wasu al'ummomin Dalit biyu, Relli 1, Adi Andhra 1. A 2004 Kotun Ƙoli ta soke dokar a shari'ar E.V. Chinnaiah, bisa hujjar cewa jerin SC dunƙulallen abu ne da jiha ba ta da ikon tsagawa. Shekara ashirin aka yi a haka, sai a ranar 1 ga Agustan 2024 alƙalai shida cikin bakwai na kotun suka warware wancan hukunci. Da wannan ne Telangana ta ba gidan Madiga kashi 9, gidan Mala 5, ta ware kashi 1 ga ƙananan al'ummomi 15 da suka fi kowa ci baya.

Mala suna da ƙorafi, kuma ba na wasa ba ne. Suna cewa 'yan siyasa na amfani da batun don farraƙa Dalit, suna nuni da yadda Firayim Minista Modi ya halarci gangamin Madiga a Haidarabad, babban birnin Telangana, a Nuwamban 2023, ana dab da zaɓen jihar. Suna kuma tunatarwa cewa masu ƙasa ba sa tambayar gida idan sun tashi kisa: a ƙauyen Karamchedu a 1985 Madiga aka kashe, a ƙauyen Tsundur a 1991 kuwa Mala ne. Duk wannan gaskiya ne. Amma mugun nufin ɗan siyasa ba ya mayar da ƙorafi na gaskiya ya zama ƙarya, kuma haɗin kan da ake nema a kiyaye ta hanyar cewa ɗaya ya yi shiru alhali ɗayan na ci, ba zai ɗore ba.

Irin wannan kukan ne ake ji a rukunin ST, inda Gond na yankin Adilabad ke cewa tun da aka shigar da al'ummar Lambada ta Telangana cikin jerin a 1976 suka kwashe mafi yawan guraben. Waɗannan Lambada ɗin kuwa a maƙwabciyar jiha Karnataka a rukunin SC suke, abin da ke nuna cewa layukan nan alƙalamin hukuma ne ya zana su. Batun Kapu dabam ne. Su al'umma ce ta manoma mai yawan jama'a da ƙarfin ƙuri'a, mataimakin babban ministan Andhra Pradesh Pawan Kalyan ma ɗanta ne, kuma a Janairun 2016, a gangamin neman a shigar da su BC a garin Tuni, an ƙona jirgin ƙasa. Akwai matalauta a cikinsu ba shakka, amma zuba babbar al'umma mai gonaki a kwando ɗaya da masu wanki maimaita kuskuren da Madiga suka yi shekara talatin suna yaƙa ne.

Akwai kuma rashin adalcin da dokar 2025 ba ta taɓa ba. Bisa umarnin shugaban ƙasa na 1950, wanda daga baya aka faɗaɗa ya haɗa da mabiya Sikh da Buddha, Dalit ɗin da ya karɓi Kiristanci ko Musulunci ya fita daga SC. A ƙasar Telugu, Mala ko Madiga da ya zama Kirista yakan koma gidan BC na uku mai kashi 1 kacal, alhali unguwarsu na nan a bayan gari inda take.

Abin da ya rage shi ne lissafi. Kashi 1 cikin ɗari, idan ma'aikata za ta ɗauki mutum 50, rabin gurbi ke nan, kuma al'ummomi 15 ne za su jira shi, wasu daga cikinsu ɗalibansu da suka kai jami'a ƙalilan ne. Idan gurbin ya rasa mai cika sharaɗi aka miƙa wa gida na gaba, an koma gidan jiya. Telangana ta ƙirga al'ummominta gida-gida a 2024, a ƙasar da rabonta da cikakkiyar ƙidaya irin wannan tun 1931, don haka ba ta da uzurin ƙin wallafawa duk shekara, al'umma bayan al'umma, wa ya samu gurbin karatu, wa aka ɗauka aiki, kuma gurabe nawa aka bari babu kowa.