Katin Zaɓen Ƙanena Yana Cikin Langar Inna

Tun asubahin Laraba, 1 ga Maris, 2023, da Farfesa Mahmood Yakubu, shugaban hukumar zaɓe na lokacin, ya bayyana Bola Tinubu a matsayin wanda ya ci zaɓen shugaban ƙasa, unguwarmu a nan Bauchi ta yi tsit kamar gidan da aka yi rashi. Ba a ƙona taya ba, ba a fasa gilashin kowa ba, alhamdu lillahi. Amma shirun nan bai kwanta min a rai ba. Na so yin wannan rubutu tun ranar, sai na ce bari zuciya ta huce tukuna, kada in faɗi abin da zan dawo ina gogewa.

Autanmu ne ya sa na kasa yin shiru. Wannan ne zaɓensa na farko. Ya sha layin rajista, ya sha layin karɓar kati, ranar Asabar 25 ga Fabrairu kuma tun bayan sallar asuba yana bakin rumfa. Bai bar wurin ba sai da aka zazzage akwati aka ƙirga a gaban kowa, har ya ɗauki hoton takardar sakamako da wayarsa. Da aka sanar da sakamakon ƙasa, sai ga shi ya shigo tsakar gida ya yi jifa da katin wajen murhu. Ya ce min, "Yaya, wallahi na gama. Ku da kuka saba shan rana a banza sai ku ci gaba." Inna ba ta tanka masa ba. Ta sunkuya ta ɗauki katin, ta goge tokar da bakin zaninta, ta jefa shi cikin langar da take ajiye goro, ta rufe.

Ni ma wanda na dangwala wa bai kai labari ba, don haka ba daga gefe nake magana ba. A jihar nan Atiku ne ya zo na ɗaya, haka a Gombe, shi ya sa duk majalisar da ka zauna, daga Wunti har Yelwa, zancen ɗaya ne: an yi mana fashi. To ni dai ina ganin akwai gaskiya a ciki, akwai kuma abin da muke ƙin faɗa wa kanmu.

Gaskiyar ita ce an yi mana alkawari an saɓa. Wata da watanni ana shiga rediyo ana ce mana wannan karon daban ne: ga na'urar BVAS da za ta tantance mutum da yatsa ko da fuska, ga shafin IReV inda za a ɗora hoton sakamakon kowace rumfa nan take, kowa ya gani da idonsa daga wayarsa. Wannan alkawarin ne ya fito da yara irin Auta. Ranar zaɓe sai sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi. Hukumar zaɓe ta ce tangarɗar na'ura ce. Wataƙila haka ne. Amma wace irin tangarɗa ce take zaɓar takarda guda, kuma takardar da kowa ya zuba wa ido? Ko da babu wanda ya taɓa ƙuri'a ɗaya, ranar an yi asarar abin da ya fi ƙuri'a tsada, wato yardar mutane. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura, mu kuwa mun ga maguɗin zaɓen shugaban ƙasa na 2007.

Abin da ba ma son ji kuma shi ne lissafi. Tinubu ya samu ƙuri'a 8,794,726. Atiku 6,984,520. Peter Obi 6,101,533. Kwankwaso 1,496,687. Ku haɗa na ukun ƙarshe, sun haura miliyan 14 da rabi. Mutanen nan uku kuwa a 2019 duk a ƙarƙashin lema ɗaya suke, Obi ma shi ne mataimakin Atiku a takarar. Suka rabu gida uku, ga gwamnoni biyar na PDP da Wike na Ribas ya ja suka juya wa ɗan takararsu baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babu wanda ya tambayi talakan Bakin Kura kafin a yi wannan rabuwa, amma shi aka bari da hawan jini.

Kuma in maguɗi ne ya yi komai, a bayyana min yadda Tinubu ya faɗi a Legas, gidansa, a hannun Obi. A bayyana min yadda Katsina, jihar Shugaba Buhari, ta tafi wa Atiku. Gwamnoni masu ci nawa ne suka nemi kujerar sanata suka sha ƙasa? Ortom na Binuwai, Lalong na Filato, Darius Ishaku na Taraba, Bagudu na Kebbi. A da wa zai kayar da gwamna mai ci a mazaɓarsa? Ban ce zaɓen ya yi tsabta ba, an ga abin da 'yan daba suka yi a wasu wurare. Cewa nake ƙuri'a ta ciji manya a wannan karon, kuma ta bar musu tabo.

Lambar da ta fi tayar min da hankali ma ba ta cikin waɗancan. Mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fito ba su wuce kashi 27 cikin ɗari ba. A 2019 kusan kashi 35 ne. Ke nan ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, wanda zai mulke ta ya hau ne da ƙuri'ar da ba ta kai miliyan 9 ba. Na san dalilin wasu. Canjin kuɗi ya zo ya tsaya wa kowa a wuya: tsofaffin ɗari biyu, ɗari biyar da dubu ɗaya an ce a mayar, sababbin kuma ba a gan su ba. Wanda yake aiki a Bauchi amma rajistarsa tana Azare ko Misau, da me zai biya mota? Direba ba ya son tiransifa, mai POS sai ka ba shi kaso mai tsoka kafin ya ba ka kuɗinka na kanka. Ni kaina na yini a bakin wani banki na dawo da dubu biyu. An ce an yi haka ne don hana sayen ƙuri'a. Masu saye kuwa ba su rasa hanya ba, suka koma taliya da atamfa da sabulu. Kotun Ƙoli ta ce a ranar 3 ga Maris a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi har ƙarshen 2023, amma a kwanakin nan da suka biyo baya in ka je kasuwar Muda Lawal ka miƙa wa mai tumatir tsohuwar dubu, sai ka ga kallon da zai yi maka.

Ga azumi ya ƙarato, hannu babu komai. Ga maganar tallafin mai, wadda na lura masu murna da masu baƙin ciki duk sun manta da ita. Kasafin kuɗin 2023 ya tanadi tallafi ne zuwa watan Yuni kawai, kuma Tinubu da Atiku da Obi duk sun faɗa da bakinsu cewa za su cire. Ko wanene ya ci, wannan tukunyar tana kan wuta tana jiranmu. Fargabar da nake kwana da ita ke nan, fiye da sunan wanda zai shiga Aso Rock.

Masu turo min saƙo suna cewa mutanen Bauchi sun yi sanyi, da a da ne da gari ya kama da wuta: ku ji tsoron Allah. Mun gwada wannan a Afrilun 2011. Masu yi wa ƙasa hidima, 'ya'yan mutane da aka turo mana amana, aka kashe su a jihar nan saboda sakamakon da ba su suka rubuta ba. Ɗaruruwan rayuka suka salwanta a Arewa. Jonathan ya yi shekara huɗunsa cif, ba a rage masa ko kwana ɗaya ba. Waɗanda suka ce an cuce su yanzu sun ce kotu za su, to su je, suna da lauyoyi da kuɗin biyansu. Ɗan talaka in ya fita titi, uwarsa ce kaɗai za ta san an yi.

Abin da na zauna na gaya wa Auta daren jiya, bayan ya ɗan sauko, tarihin gidansu ne da bai sani ba. A 2007 mutanen jihar nan suka tsaya kan akwatunansu, a kasa, a tsare, a raka, suka ɗora Isa Yuguda na ANPP alhali PDP ce ke da gwamnati a jiha da tarayya. A 2015 suka juya suka kawo M.A. Abubakar na APC. A 2019 suka ga bai yi musu ba, suka sauke shi yana kan kujera, suka ba Ƙaura, wato Bala Mohammed na PDP, duk da cewa a zaɓen shugaban ƙasa na shekarar Buhari suka yi. Jihohi nawa ne za su nuna irin wannan? Na ce masa shugaban ƙasa yana Abuja, amma wanda zai biya albashin malamin firamaren unguwarmu, ya sa magani a asibiti, ya kawo taki kafin damina, wato gwamna, ranar Asabar 18 ga Maris za a zaɓe shi, tunda an ɗaga daga 11 don a sake saita na'urori. Ban ce masa ya zaɓi Ƙaura ba, ban ce ya zaɓi Sadique, ɗan takarar APC, ko wani ba. Wannan shi da Allahnsa.

Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Yaya, duk na ji. Amma in na sake shan rana aka sake cewa na'ura ta lalace fa?" Na buɗe baki na rasa abin da zan ce, don ni ma tambayar tana cina.

Da safen nan na ji shi a ƙofar ɗakin Inna yana tambaya ko akwai sauran goro a langa. Shi da ba ya cin goro. Inna ta ce, "Akwai, Auta. Sai ranar Asabar zan buɗe."