Wai ƙasarmu matacciya ce

Ranar Asabar a lambunan haya da ke bayan garin Uppsala na Suwidin, dattijuwar da fegina ke maƙwabtaka da nata ta damƙo ƙasa ta miƙo mini. Baƙa wuluk, ga laushi, ga danshi, tsutsa tana motsi a ciki. Ta ce, "Ɗana, ka ga ƙasa mai rai. Taku ta Sahel ai rairayi ne kawai, matacciya." Ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Ban musa kyan ƙasarsu ba. Ka shiga dajin Suwidin, ganyen bara da na bariya na nan jibge, kana takawa kamar katifa. A dausayinsu mataccen gansakuka yana taruwa, kusan milimita 1 a shekara, shekaru dubbai bai gama ruɓewa ba. To me ya hana shi ruɓewa? Sanyi ne da yawan ruwa da tsamin ƙasa suka ɗaure ƙananan halittun da aikinsu ke nan. Watanni suna kwance ƙarƙashin ƙanƙara. Baƙin ƙasar nan da dattijuwar take alfahari da shi, yawancinsa abincin da ba su cinye ba ne.

Ƙananan halittun ƙasarmu kuwa ba sa barin saura. Rani ya sa su barci, amma ruwan farko na sauka suke tashi, cikin sa'o'i kaɗan sun hau cin kara da kashin shanu, suna sakin naitirojin da gero ke buƙata. Wani masani, Birch, ya rubuta wannan tun 1958, kuma a ƙasar gabashin Afirka ya gano shi. Ƙamshin nan na ruwan farko ma, wasu bakteriya ne na cikin ƙasa ke yin sinadarinsa. Matacce yana ƙamshi haka?

Na yarda, gonakinmu sun gaji, muna kwashe kara, taki bai isa ba. Amma a Tahoua manoma sun tona ramukan tassa a fako, suka zuba taki, gara ta shiga ta buɗe ƙasa, hatsi ya fito.

Babana bai taɓa ganin madubin ƙara girma ba, amma ya san geron gindin gawo ya fi tsayi, ya san ba a wasa da ruwan shuka. Daren nan na kira gida. Ƙanena ya ce an yi ruwa shekaranjiya, har sun fita da sungumi. Na ce ya bar wayar a kunne, na ji kukan kwaɗi.