Kafin a ɗora labarin wanda ya tsira a kan dandamali

A shekarar 2000 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Groupov da ke Beljiyam ta fito da wasan Rwanda 94, mai tsawon kusan awa shida. Da an buɗe fage, mace guda ake gani zaune a kujera: Yolande Mukagasana, ma'aikaciyar jinya da aka kashe mata miji da 'ya'ya uku a kisan ƙare dangin da aka yi wa 'yan Tutsi a 1994. Da bakinta take ba da labarinta, sai ta gama sannan 'yan wasa su shigo. Wannan tsari shi ne abin da ya kamata kowace ƙaramar ƙungiya ta riƙe idan ta tunkari gudun hijira, kisan ƙare dangi ko tauye haƙƙin ɗan Adam: mai labari ne a gaba, wasa yana bin bayansa. Ƙungiyoyi da yawa suna da kyakkyawar niyya, amma niyya kaɗai ba ta hana a cutar da mutumin da aka zo taimaka wa.

Ƙaramin zaure ya dace da wannan aiki fiye da babban gidan wasa. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2024 mutanen da aka raba da gidajensu sun haura miliyan 120. Babu zuciyar da za ta iya ɗaukar wannan adadi. Ana karanta shi a wuce. Amma zaure mai kujera tamanin, inda taku uku ne tsakanin ɗan wasa da layin farko, ana jin numfashinsa, ana ganin hannunsa yana rawa a kan takardar neman mafaka, wannan kam gani ya kori ji. Sai dai kusancin nan yana da kaifi biyu. Ƙarya ma ana ganinta tsirara daga wannan tazara.

Kuskuren farko, kuma mafi yawa, shi ne ƙoƙarin nuna kisan kansa: jinin roba, adda ta katako, 'yan wasa suna faɗuwa suna shure-shure. Ba ya aiki. Mai kallo ya san mutumin zai tashi ya rusuna idan an kunna fitila, don haka hankalinsa yana komawa kan ko an iya faɗuwar ko ba a iya ba. Wanda ya ga abin da idonsa kuwa, ko dai ya ji an raina masifarsa, ko ciwon ya dawo masa sabo.

Waɗanda suka yi fice a fannin sun bi wata hanya. Marubuci Peter Weiss ya halarci shari'ar ma'aikatan Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, da aka yi a Frankfurt daga 1963 zuwa 1965, ya gina wasa daga maganganun kotu: alƙali, lauyoyi, shaidu tara marasa suna da waɗanda ake tuhuma goma sha takwas. An buɗe shi ranar 19 ga Oktoban 1965 a gidajen wasa fiye da goma, a Jamus ta Gabas da ta Yamma lokaci guda. Babu gawa ko ɗaya a dandamalin. Abin da ke tayar da tsigar jiki shi ne yadda waɗanda ake tuhuma ke cewa umarni kawai suka bi. Ƙaramin gidan wasa na Tricycle a Landan ya yi irin haka a 1996 kan Srebrenica, inda aka kashe maza da samari Musulmin Bosniya fiye da 8,000 a Yulin 1995. Daga zaman kotun duniya ta laifukan yaƙi da ke Hague aka ɗauko kalmomin, har da na Drazen Erdemovic, sojan da ya amsa cewa yana cikin masu harbin. A 2011 kuma darakta Milo Rau ya sake gina ɗakin watsa shirye-shiryen rediyon RTLM na Ruwanda cikin gilashi, 'yan kallo suna sauraro ta abin sawa a kunne. Masu gabatarwa suna raha, suna saka waƙoƙin yayi, a tsakani suna tunzura mutane su fita farautar maƙwabtansu. A nan mai kallo ke gane cewa kisan ƙare dangi shiri ne da ake yi da jerin sunaye, da shingen kan hanya, da murya mai daɗi a rediyo. Wannan darasi ya fi kowane ihu amfani, domin shi ne ke koya wa mutum gane alamun tun kafin a zare makami.

Wanda zai bi wannan hanya, aikinsa na gaskiya yana farawa ne tun kafin a rubuta layi ɗaya, wajen karɓar shaida. Zama biyu gajeru, kowane bai wuce awa ɗaya da rabi ba, da tazarar kwanaki tsakaninsu, sun fi zama ɗaya mai tsawo. A zama na farko mutum yakan ba da labarin da ya saba ba jami'ai, wanda ya haddace. A na biyu ne ake jin abin da ya ɗauka a hannunsa ranar da ya gudu, da wanda ya bari a baya. Shi ne zai zaɓi wurin zama, shi ne zai ce a kashe rikoda. Ba a tambayar "yaya kika ji a lokacin?" Ana tambayar abin da ya faru daga nan, a bar shi ya tsaya inda ya ga dama. Batun tafinta kuma ba ƙarami ba ne. Idan tafintan ɗan ɓangaren da ya kore su ne, ko namiji ne alhali mace za ta yi maganar fyaɗe, rabin labarin ba zai fito ba, kuma za ta koma gida da fargaba.

Izini sau uku ake nemansa: kafin naɗar murya, bayan an rubuta wasan an karanta masa sashensa da harshensa, sannan duk lokacin da za a kai wasan wani gari ko a ɗauke shi a bidiyo. Takardar da aka sa wa hannu a ranar farko ba ta wadatar, domin a ranar bai san abin da za a yi da maganarsa ba. Ya kuma zama yana da ikon janye labarinsa ko da saura mako guda a buɗe. Darakta mai hankali yana gina wasan yadda cire shaida ɗaya ba zai rushe shi ba.

Sauya suna kaɗai ba ya ɓoye kowa. A cikin 'yan gudun hijirar da suka fito daga yanki ɗaya, sana'a, yawan 'ya'ya, tabon da ke fuska da ranar da aka tsallake iyaka sun isa a gane mutum. Dole a sauya aƙalla uku daga cikin irin waɗannan, tare da shi, domin shi ya san wanne ne zai tona shi. Dangin da suka rage a gida su ne ke biyan kuɗin sakacin. Akwai kuma haɗarin da masu wasa ba su cika sani ba. Jami'an da ke duba takardar neman mafaka suna auna gaskiyar mutum ne da daidaituwar labarinsa. Idan marubuci ya haɗa labarin mutum biyu ya zama ɗaya don wasa ya yi armashi, aka kuma saka shi a intanet da fuskar mai shari'ar da ba a yanke ba, ana iya kafa hujja da saɓanin a ƙi ba shi mafaka. Yarjejeniyar duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira ta hana mayar da ɗan gudun hijira inda rayuwarsa ke cikin haɗari, amma sai an yarda da labarinsa tukuna. Duk wanda shari'arsa ke gaba, a nemi shawarar lauyansa kafin ya hau dandamali.

Wa zai faɗi maganar? Wani lokaci masu abin da kansu. A 2013 matan Siriya da ke gudun hijira a Amman, babban birnin Jodan, sun saƙa labaransu cikin wasan matan Troy na Euripides, marubucin tsohuwar Girka, kuma a 2016 goma sha uku daga cikinsu suka zagaya Birtaniya da shi. Tsohon rubutun ya zame musu mayafi: mace na iya kukan garinta ta bakin wata da aka rubuta fiye da shekara 2,400 da suka wuce. A Afirka ta Kudu kuwa, wasan Ubu and the Truth Commission na 1997 ya ba 'yan tsanan katako maganganun shaidun Hukumar Gaskiya da Sulhu, wadda ta binciki ta'asar mulkin wariyar launin fata, masu riƙe da su suna tsaye a fili, don kada wani ɗan wasa ya ari hawayen da ba nasa ba. Abin da ba na goyon baya shi ne a sa wanda ya tsira ya maimaita mafi munin ranar rayuwarsa dare ashirin a jere saboda an sayar da tikiti. Idan zai fito, a tanadi wanda zai maye gurbinsa a daren da ya kasa, kuma a biya shi kamar kowane ɗan wasa. A ƙasashe irin su Birtaniya yawancin masu neman mafaka ba su da izinin aiki, saboda haka a binciki doka tun farko, kada kuɗin da aka ba shi ya zame masa laifi.

Daren wasan ma yana da ƙa'idarsa. Wasa mai minti saba'in zuwa casa'in, da 'yan wasa huɗu zuwa shida, ya ishi ƙaramar ƙungiya. A sanar tun a ƙofa idan akwai ƙarar bindiga, kakin soja, hayaƙi ko duhu na ba-zata, ko da yake yawancinsu cire su ya fi. A bar ƙofa ɗaya a buɗe da haske, da mutum biyu a waje da ruwan sha, ɗaya ya san aikin kwantar da wanda ya firgita. A tarukan tunawa da ake yi kowane Afrilu a Ruwanda, ma'aikatan lafiya kan tsaya cikin jama'a saboda masu sumewa da masu kururuwa. Ƙaramin zaure ba shi da dalilin zaton shi zai tsira daga haka. Tattaunawar bayan wasa kada ta wuce rabin awa, kuma mai jagorantarta ya san tarihin sosai, domin mai musun cewa an yi kisan yakan zo, kuma bai kamata a bar wanda ya tsira shi kaɗai yana kare gawar 'ya'yansa ba.

Masu suka suna cewa duk wannan wahala don mutum tamanin ne, waɗanda da ma sun yarda kafin su shigo. Akwai gaskiya a ciki. Wasan kwaikwayo bai taɓa tsayar da tankar yaƙi ba. Amma a Ajantina, tun farkon shekarun 2000, 'yan wasa sun haɗa kai da ƙungiyar kakannin Plaza de Mayo, masu neman jikokinsu da aka sace, suna yin gajerun wasanni kyauta, don matasan da aka sace suna jarirai a mulkin soja na 1976 zuwa 1983 su fara tambayar ko su wane ne iyayensu. A irin wannan aiki mutum ɗaya da ya fita da tambaya a ransa ya isa.

Saura abin da ake mantawa da shi bayan an naɗe labule: muryoyin da aka naɗa. Sukan zauna a wayar darakta ko kwamfutar wani ɗan sa-kai da ya riga ya bar ƙungiyar, da sunaye na gaskiya a jikinsu. Tun ranar farko a rubuta wanda zai ajiye su, a raba sunaye da muryoyi a wurare biyu masu kulle, a ba kowane mai shaida kwafin nasa, sannan a tambaye shi ko yana son a goge sauran ko a miƙa su ga wata ma'ajiyar tarihi da ya amince da ita.