Ba a rabon Abuja gizo ke saƙa ba

Da an tayar da zancen yadda Kudu ta yi wa Arewa fintinkau a tattalin arziki, sai a ruga ga kason wata-wata da ake rabawa a Abuja. Ni a ganina matsalar tana ga abin da ake kashewa kafin a sarrafa kaya.

Giɓin dai ba a musunsa. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, kashi 65 cikin ɗari na waɗannan mutane a Arewa suke. A Sakkwato abin ya shafi kashi 91 na jama'ar jihar, a Ondo kashi 27.

To duba mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai da ke Kano. Injinsa da sinadaransa ta tashar Apapa suke shigowa, sai tirela ta kwaso su tafiyar kusan kilomita 1,000, ga kuɗin dizal, ga na shingaye, ga kwanakin da mota ke yi in ta lalace a hanya. Takwaransa na Ikeja yana bakin tashar, kuma bututun gas na zuwa har ƙofarsa. Na Kano janareto ne gatansa. Bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614, tun 2020 aka ƙaddamar da aikinsa, wa'adin gamawa ya sha ɗagawa. A Oktoban 2024 layukan wuta suka samu matsala, yawancin Arewa ta haura mako cikin duhu, alhali madatsun wutar lantarki na Kainji da Shiroro a jihar Neja suke.

Wa zai kafa kamfani a haka? Masaƙun Kaduna da aka fara tun 1957 sun durƙushe, ga kuma yadin fasa-ƙwauri da ya ƙarasa su. Shi ya sa komai ɗanye muke fitarwa. Sa ya tafi Legas da ransa, ya rame a mota. Tumatir a jibge shi cikin kwanduna, na ƙasa ya dagargaje kafin kasuwar Mile 12 ta Legas. Riɗi da citta su wuce a buhu. Aikin yi da haraji suna can inda aka sarrafa.

Gwamnoninmu kuwa gadar sama suka fi so, don ita ake gani a hoto. An buɗe tashar tsandauri, wato ta sauke kwantena a kan tudu, a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, amma in jirgin ƙasa ba ya jigilar kwantena a kai a kai, ɗan kasuwa tirela zai ci gaba da biya.