Tsoho a ƙarƙashin akori-kura

Shekara uku ke nan na fi ganin takalman maƙwabcina a kan fuskarsa. Kowace safiya, in dai sanyi bai yi tsanani ba, zai ɗaga ƙofar garejinsa a nan Columbus ta jihar Ohio a Amurka, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin wata tsohuwar akori-kura, Chevrolet C10 ƙirar 1972. Dattijo ne da ya yi ritaya daga wata masana'anta, kuma yana da lafiyayyar motar da yake zuwa cefane da ita. Ita wannan tun daga Arizona aka ɗauko masa ita a kan tirela, ko tashi ba ta yi.

Da na tambaye shi abin da ya kai shi uwa duniya neman gwangwani, sai ya ce gishirin da ake watsa wa titunan Ohio don narkar da ƙanƙara shi ke cinye ƙasan mota, ita kuwa motar hamada ba ta san tsatsa ba. Na ce a raina, ashe mutanen Agadas na zaune a kan dukiya.

Ya sauke injin, ya kwance kafireta ya wanke, ya sake wayoyin wuta kaf, ya sauya katakon bayanta ya shafe shi da mai har yana ƙyalli. Kayan gyara ba sa ba shi wahala, don akwai kamfanonin da har yau suke ƙera sababbin sassa na motocin da suka haura shekara 50. Abin da bai samu ba kuma, sai ya jira watan Oktoba ya tafi Hershey a jihar Pennsylvania, inda masu irin wannan sha'awa ke cin kasuwar tsofaffin motoci duk shekara. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne lambar da zai sa mata. A Ohio motar da ta kai shekara 25 tana iya samun lambar motocin tarihi, da sharaɗin ba ta zirga-zirgar yau da kullum ba ce, ta baje koli ce da jerin gwano. Wato duk wannan wahala, motar ba za ta ɗauki ko buhu ɗaya ba.

Mu da muka tashi da Fijo 404 da 504, waɗanda kamfanin Peugeot na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya cika ƙasar da irinsu, mun san akori-kura da wata fuska dabam. Ranar kasuwa a loda mata buhunan masara, a ɗora awaki, mutane su hau can sama suna riƙe da juna. In ta lalace, bakanike ya leƙa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, in babu ya sa a ƙera, in ba a ƙera ba ya yi dabara da waya da roba. Wallahi a wajen gwaninta maƙwabcina yaron shago ne a gabansu. Amma su neman abinci suke yi, kuma ranar da mota ta gaza, 'yan gwangwan ne ke auna ta a sikeli.

Abokaina in na ba su labari sai su ce ai ƙoshi ne. Da gaskiyarsu. Shi kuɗin fanshonsa na shigowa duk wata ba tare da ya roƙi kowa ba, namu kuwa in ya cika shekara 60 ko 35 na aiki, layin tantancewa ne ke jiransa, kuma mai jiran giratuti ba ya tunanin fenti. Sai dai ban yarda magana ta ƙare a nan ba, domin na san dattawa masu rufin asiri, 'ya'ya sun kama aiki, gida nasu ne, amma su ma zaman suke yi.

Kawuna na cikinsu. Mutum ne mai son taɓa ƙarfe tun yana saurayi, rediyo da keken gidanmu duk shi ke gyarawa. Bayan ya ajiye aiki, wata rana ya buɗe gaban motarsa da sifana a hannu, sai ga babban ɗansa a guje: "Haba Baba, don Allah bari a kira yaro, sai a ce mun kasa kula da kai." Ya karɓe sifanar cikin ladabi, ya kawo masa kujera. Wannan ladabin ne nake tuhuma. Mun ɗauki baƙin mai a hannun dattijo abin kunya ga 'ya'yansa, mun bar kanikanci a matsayin sana'ar yaron da boko ya ƙi, sai muka wayi gari muna ƙwace wa iyayenmu aikin da ransu ke so da sunan girmamawa.

Ba zan ce tsufan maƙwabcina ya fi na Kawu daɗi ba. 'Ya'yansa na wasu jihohi, sai bikin ƙarshen shekara suke leƙo shi, kuma na sha ganin fitilar garejin a kunne da tsakar dare. Kawu yana da masallaci sau biyar, da majalisa, da ɗaurin aure, da jikoki suna hawa masa jiki. Amma me zai hana ya haɗa da sifanarsa?

Watan jiya maƙwabcina ya ƙwanƙwasa min ƙofa, wai in zo in taka masa birki yana fitar da iska daga ƙasa. Da muka gama ya murza makulli, injin ya yi tari sau biyu ya kama, tsoho ya yi ta dukan sitiyari kamar yaro ranar Sallah. A daren na kira ƙanena na tambaye shi 504 ɗin mahaifinmu da ke ajiye a gindin dalbejiya. Ya ce, "Yaya, ai tun bara aka sayar wa 'yan gwangwan, kaji ne kawai ke ƙwai a ciki."