Minti uku na dabara, sauran kuwa cinikin lokaci ne: ra'ayina a kan Clash of Clans

Daren jiya a majalisarmu ta Tudun Wada, nan Gusau, gardama ta kaure tsakanin abokaina biyu a kan wasan Clash of Clans, har mai shayi ya fara haɗa kofunansa ba su rabu ba. Ɗaya yana cewa bai taɓa ganin wasan waya mai sa mutum tunani irinsa ba, ɗayan kuma ya dage a kan cewa babu komai a cikinsa sai tatsar aljihu, wanda ya fi kuɗi shi ne gwani. Aka nemi in raba gardama saboda na fi su daɗewa a ciki, sai na ce a bar ni in rubuta, domin magana ce mai rassa, kuma a majalisa ba a barin mutum ya kai aya. Tun 2016 nake wannan wasa, har yau ban bari ba, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Ga wanda bai san shi ba, wani kamfani ne mai suna Supercell da ke birnin Helsinki na ƙasar Finlan ya fitar da shi a 2012, ya iso wayoyin Android a 2013, wato lokacin da ya fara shigowa hannun irinmu. Ana ba ka ɗan ƙauye da fada a tsakiyarsa, ka tara zinariya da wani ruwan tsimi da muke kira eliksa, ka gina ganuwa da igwa da hasumiyar 'yan baka, sannan ka haɗa runduna ka kai wa ƙauyen wani hari. Duniyar tatsuniya ce zalla, akwai ƙattai, akwai bokaye masu jifa da wuta, akwai dodanni masu fuka-fuki. Ana ba ka daƙiƙa 30 ka dubi garin abokin gaba, sai minti 3 na yaƙi. Tauraro ɗaya idan ka rushe rabin gari, ɗaya idan ka kayar da fada, na uku kuwa sai ka share komai.

A cikin waɗannan minti uku, abokina na farko yana da gaskiya, kuma ba na jin akwai mai ƙwace masa ita. Abin da ya bambanta wasan da sauran wasannin da ake danne-danne kawai shi ne, da zarar ka sauke soja a fili ya fita daga hannunka, ba za ka iya ce masa ya bi dama ko hagu ba, halinsa kawai zai bi. Ƙato ba ya kallon komai sai makaman tsaro, ɗan koren ɓarawon nan ba ruwansa da kowa sai rumbun dukiya, mai ɗauke da bam kuwa ganuwa yake nema. Saboda haka duk tunanin yana gaba da saukewa. Dole ka san inda za ka fara share gine-ginen gefe domin babbar runduna ta miƙe zuwa tsakiya maimakon ta yi ta kewaya gari ana harbinta, ka yi hasashen inda mai garin ya binne tarko daga giɓin da ya bari tsakanin gine-gine, ka kuma san lokacin da za ka zuba maganin warkarwa, domin idan ka yi gaggawa ya ƙare kafin a shiga wuta, idan ka yi jinkiri ka zuba shi a kan gawa. Na sha ganin mutum biyu da runduna iri ɗaya, a kan gari ɗaya, wannan ya fito da taurari uku, wancan ya tashi da ɗaya. Babu kuɗin da ya raba su, kai ne ya raba su.

Abu na biyu da nake yaba wa wasan, wanda ma ya fi na farko riƙe ni, shi ne ƙungiya. Mutum 50 take ɗauka, da shugaba da mataimakansa da dattawa da sauran mambobi, kuma tun da aka shigo da yaƙin ƙungiyoyi a 2014 wasan ya tashi daga abin mutum ɗaya ya koma abin jama'a. Ana ba da yini guda na shiri, sannan awa 24 na yaƙi, kowa da hari biyu. A yinin shirin nan ne ake gane mutane. Akwai wanda zai zauna ya cika wa kowa gidan dakarunsa da sojoji masu ƙarfi ba tare da an roƙe shi ba, akwai wanda kullum shi ne mai roƙo amma ba a taɓa ganin nasa ba, akwai kuma wanda zai ce a sa shi a yaƙi, a sa shi, ya ɓace har lokaci ya ƙare. A ƙungiyarmu akwai tela, akwai ɗalibai, akwai wani direba da ke zirga-zirga tsakanin Gusau da Sakkwato wanda yakan tsaya a gefen hanya ya kai harinsa don kada ya ba mu kunya. Wani yaro da ya shigo mana yana ɗan sakandare, ba ya iya gaisuwa sai neman sojoji, yau shi ne ke raba wa kowa garin da zai kai wa hari, kuma idan wani ya faɗi shi ne farkon mai cewa, "Yaya, ba komai, akwai na biyu." Ban ce wasa ne ya yi masa tarbiyya ba, wannan aikin iyayensa ne, amma ya samu wurin da aka ɗora masa amana ya riƙe.

To, daga nan kuma sai in koma gefen abokina na biyu, ko da yake ba yadda ya faɗi maganar zan faɗe ta ba. Ba daidai ba ne a ce mai kuɗi yana sayen nasara, domin ko nawa ka kashe, idan ba ka iya sauke runduna ba za ka sha kashi. Abin da ake sayarwa a wasan nan lokaci ne, kuma a ganina wannan ya fi wancan dabara wajen shiga aljihu. Kowane gini da za ka ɗaukaka sai magini ya riƙe shi na wani lokaci. A farko daƙiƙoƙi ne, sai mintoci, ka ji daɗi ka saba, sannan a hankali ya koma kwanaki, a manyan matakai har ya haura mako. Magina kuma ba su da yawa, kuma da koren dutsen nan da ake kira jem ake samunsu: na uku 500, na huɗu 1,000, na biyar 2,000. Ana iya tara jem kyauta ta hanyar sare itatuwa da cika wasu ayyuka, amma kaɗan-kaɗan yake zuwa kamar ɗigon rufin ɗaki, alhali ga maɓalli nan a gabanka kullum yana nuna maka cewa da kuɗi kaɗan aikin kwana goma zai ƙare yanzu. Wato su ne suka gina jiran da hannunsu, su ne kuma ke sayar da maganinsa.

Abin da ya fi ci wa 'yan wasa tuwo a ƙwarya a wannan fanni shi ne batun jarumai. Sarki da Sarauniyar 'yan baka da sauransu su ne ƙashin bayan runduna, amma shekara da shekaru tsarin shi ne, idan ka sa jarumi a ɗaukaka ba ka da shi har a gama. Sai mutum ya rasa yadda zai yi: ya ɗaukaka Sarauniya ya zauna a benci, ko ya shiga yaƙi gurgu ya jawo wa ƙungiya faɗuwa, ko ya biya. Ban ga wata dabarar yaƙi da wannan tsari ya ƙara wa wasan ba. Sannan a ƙarshen 2023 aka ƙaro maƙera da kayan yaƙin jarumai, waɗanda su ma sai an tara wasu ma'adanai kafin a ƙarfafa su, jira ya hau kan jira.

A duba lissafin da idon ɗan Zamfara. Tikitin wata-wata da suka shigo da shi a 2019, wanda ke rage tsawon gini da tsadarsa, ya fara ne a kan kusan dala 5, daga baya ya koma kusan dala 7. Ga ɗan wasa a Amurka ko Jamus wannan bai kai kuɗin abincin rana ɗaya ba. Idan kuwa aka canza shi a kan naira 1,500 kowace dala, ya haura naira 10,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024, kuma mafi yawan masu wasan a nan ko albashin ba su da shi. Ga kuɗin data, ga na mai cajin waya idan babu wuta. Su da mu fili ɗaya muke shiga, amma ba da guzuri ɗaya ba. A yaƙin ƙungiyoyi na yau da kullum ana ƙoƙarin haɗa ku da masu ƙarfi irin naku, wannan na yaba, amma a gasar wata-wata da aka fara a 2018, inda ƙungiyoyi 8 ke karawa kwana 7, matsayinku a gasa kawai ake dubawa, sai ka ga an haɗa ku da mutanen da fadarsu ta fi taku da hawa biyu.

Duk lokacin da na yi wannan tunani sai dara ta faɗo mini a rai. A gindin bishiyar ƙofar gidanmu dattawa na haƙa gurabu 30 a ƙasa, wannan ya ɗebi tsinke 12, wancan ya ɗebi tsakuwa 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawarsa. Attajirin unguwa da mai gadinsa idan suka zauna a kanta daidai suke farawa, kuma babu wanda zai ce a ba shi tsakuwa ta 13 don ya biya. Wannan daidaito shi ne abin da Clash of Clans yake da shi a cikin minti ukun yaƙi, ya rasa shi a duk sauran sa'o'in yini.

Adalci ne in faɗi cewa an yi gyare-gyare. A 2022 an daina karɓar eliksa wajen horar da sojoji, a 2025 kuma aka cire jiran horarwar gaba ɗaya, yanzu mutum na gama hari zai iya shiga wani. Da can sai ka jira kusan awa guda kafin dodanninka su haɗu. An kuma sha rage tsawon gini a ƙananan matakai domin sababbi su kamo na gaba. Sai dai wannan ma hujja ce a wurina, tunda an cire jiran kuma wasan bai lalace ba, ashe tun farko ba don daɗin wasa aka sa shi ba.

Akwai kuma aibin da mu muka fi kowa saninsa, wato ba ya motsi sai da intanet, kuma idan sadarwa ta yanke maka a tsakiyar hari an ƙirga shi, sojojin da ka riga ka sauke za su ci gaba su kaɗai, sauran kuma su tafi a banza. Ya taɓa faruwa da ni a harin ƙarshe na wani yaƙi da muke neman tauraro biyu kacal, na sauke ƙattai, ina shirin sakin sauran sai alamar sadarwa ta fara juyawa, kafin ta dawo an gama. A watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya a jihar nan saboda matsalar tsaro, kusan wata guda muka yi a Gusau ba mu leƙa ba, 'yan uwanmu na wasu ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Ba wasa ne damuwar kowa a lokacin ba, mutane na neman yadda za su ji lafiyar iyayensu ne. Amma da muka dawo, 'yan Zamfara da ke cikin ƙungiyoyin wasu wurare da yawa sun tarar an cire su saboda rashin halarta. Mu da muke tamu ta gida mun tarar da juna, kuma tun daga lokacin muka sa doka cewa ba a korar kowa sai an neme shi an ji dalilinsa.

Wasu iyaye suna ƙyamar wasan saboda bokaye da mayu da mahaya aladu da ke cikinsa. Ina girmama wannan ra'ayi, kuma uban da ya hana ɗansa saboda haka bai yi laifi ba, ko da yake ni ina kallonsu ne kamar dodon tatsuniyar da kakanninmu ke ba mu da dare. Abin da ya fi wannan tsaya mini a rai daban ne.

Kawuna yana zaune a gidanmu shekara ta uku ke nan, tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu. Wata rana bayan la'asar ina kan tabarma ina kai hari, ya matso kusa yana kallo, ga gidaje na rushewa, ga hayaƙi, ga zinariya na tashi tana shiga rumbuna. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, wanga garin da ka ƙone, mutanensa fa, ina suka tafi?" Na ce masa, "Kawu, wasa ne, babu kowa a ciki, in an jima kaɗan komai zai tashi ya koma yadda yake." Ya jinjina kai ya ce, "To, madalla da garin da ke tashi da kansa." Ya miƙe ya ɗauki butarsa.

Waɗanda suka ƙirƙiri wasan a Helsinki ba su yi shi da mu a rai ba, kuma ba na zarginsu da abin da ba su sani ba. A wurinsu kai wa ƙauye hari da kwashe rumbunsa labarin zamanin da ne mai daɗin zane. Ban goge wasan daga wayata ba, gobe ma muna da yaƙi kuma ni ne na uku a jeri. Amma daga ranar ban sake buɗe shi a tsakar gida ba, kuma na gaya wa ƙannena cewa duk mai son yi ya shiga ɗaki ya kashe sautin, muddin Kawu yana kusa.