Kiran waya ɗaya ne ya gagare ku?

Yau ma haka muka dawo. Karo na huɗu ke nan cikin mako uku da muke ɗauko Mma, mahaifiyarmu, daga unguwar Nima a Accra zuwa asibiti don a yi mata gashi, wato ƙona ƙarin da ke ƙwaƙwalwarta da hasken inji, mu kama benci tun ƙarfe shida, sai rana ta take wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce inji ya lalace, a dawo jibi. Ko inda muke ba ta kalla ba.

Ku masu cewa "a dawo", kun san yadda ake zuwan? Gidanmu na can cikin lungu, bayan babbar kwata, inda mota ba ta shiga. Ɓarin jikin Mma na dama ya mutu tun azumi. Ƙanena ke goya ta, ni ina tallabe ƙafar da ke ja, mu tsallake kwata a kan katako har bakin titi. Matar da ta yi shekara 30 tana tashi ƙarfe uku na dare ta dama koko, ta soya ƙosai, rabin unguwa su karya a hannunta, yau ita ake goyo, tana cusa fuska a wuyan ɗanta don kada masu wucewa su gane ta. Mai taksi kuwa yana ganin mara lafiya kuɗin mota ya tashi.

Ƙari ne a ƙwaƙwalwa, mai suna giliyobilastoma. Likitan da ya yi mata aiki, Allah ya saka masa da alheri, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ba ya ciruwa duka domin saiwoyinsa sun ratsa cikin ƙwaƙwalwa, kuma ko an yi duk abin da ake yi, yawanci shekara ɗaya da 'yan watanni ake samu. Ya ce gashi sau 30, kwana biyar a mako har mako shida, ba a son tsallake, tare da ƙwayar temozolomide kullum. Katin inshora bai ɗauki aikin ƙwaƙwalwa ba sai na haɗari, bai ɗauki wannan nau'in dajin ba. Filin da marigayi Baba ya bari a Kasoa muka sayar, Yaya ya turo sauran daga Jamus. Mun biya, ko kwabo ba a bin mu.

Inji ƙarfe ne, yana lalacewa, na yarda. Amma lambar wayata na jikin fayil, da hannuna na rubuta har sau uku. Ranar da kuɗinmu bai cika ba, ko awa ɗaya ba a yi ba aka kira ni. Ashe wayarku na aiki!

Sannan na yi tambaya guda: ranar da ba a yi gashi ba, ta sha ƙwayar ko ta dakata? Nas ta ce sai likita. Likita yana ɗakin tiyata. Sakatariya ta ce Litinin. Ni mai ɗinki ce jama'a, ni zan yanke wannan hukunci a kan uwata?

Ga dexamethasone, maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa, ya kumbura mata fuska, ya tayar da suga, ya hana ta barci, ya hana mu. Makon jiya a hanyar dawowa jijjiga ta kama ta cikin taksi a titin Kanda, direba ya rikice yana salati, ni ina juya ta gefe kada ta shaƙe. Duk a kan tafiyar da ba a yi mata komai ba. Muna isa gida kuma muka tarar da 'yan dubiya, wata na rantsuwa wai sammu ne, a kai ta wurin malaminta. Kanzil ban ce mata ba, don in na buɗe baki za a ce ba ni da kunya.

Alhamis za mu koma. Na karɓi lambar mai gadin ƙofar, na damƙa masa sidi 20, da asuba zai leƙa ya faɗa mini ko injin ya tashi kafin mu ɗago Mma daga katifa.